Yadda na kai ga rijiyar Waliyyi Declan a ƙauyen Ardmore

Ni malamin tarihi ne daga Katsina, yanzu ina karatun digiri na uku a Ingila, kuma bincikena ya shafi rijiyoyin da jama'a suka jingina wa tarihi ko tsarki. Da Kusugu ta Daura na fara, don ita na sani tun ina yaro. Malamar da ke duba aikina ce ta ba ni shawarar in je Ayalan, inda ake ƙiyasta akwai irin waɗannan rijiyoyi kimanin 3,000, ta ce kada in yi ta yawo daga wannan zuwa waccan, in kama ƙauye ɗaya in san shi sosai. Na zaɓi Ardmore, a gundumar Waterford, can kudu a bakin teku, saboda a cikin tafiyar ƙafa ta yini guda mutum zai ga rijiya, da hasumiya, da kangon babban coci, da ɗakin kabari, da wani dutse a bakin ruwa, duk ana danganta su da mutum ɗaya, Waliyyi Declan. Ranar bikinsa 24 ga Yuli ce. Tsakanin ranar da na yanke shawara da ranar da na tsuguna a bakin ruwan nan na sha ruɗani da yawa wanda da wani ya yi mini bayani tun farko da ban sha ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ruɗani na farko shi ne biza. Na ɗauka tunda ina da izinin zama a Birtaniya, Ayalan ma a buɗe take gare ni, domin kullum ina jin 'yan ajinmu suna cewa ai babu shinge tsakanin ƙasashen biyu. Gaskiya ne akwai yarjejeniyar zirga-zirga, amma ta 'yan ƙasar Birtaniya da 'yan ƙasar Ayalan ce, ba ta shafi mai fasfon Najeriya ba. Bizar Shengen ma, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta aiki a can, don Ayalan tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin Shengen. Wani ɗan uwa ya ce mini, "Malam, ka bi ta Belfast mana, ka hau bas ka gangara Dublin, babu mai tambayarka." Kada kowa ya bi wannan shawara. Belfast tana Ayalan ta Arewa ne, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, kuma da zarar motar ta tsallaka zuwa Jamhuriya ba ka da biza ka shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan sanda kan tsayar da bas su duba takardu, kuma tabon irin wannan laifi yana bin fasfon mutum duk inda ya nemi biza nan gaba.

A tsakiyar watan Mayu na cike takardar neman biza ta intanet, a shafin da suke kira AVATS. Irin bizar da na nema ita ce ta gajeren zama, mai harafin C, wadda ba ta wuce kwana 90. Kuɗinta yuro 60 ne idan shiga ɗaya za ka yi, yuro 100 idan kana son shiga da fita, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu, kuma ko an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Na ɗauki ta shiga ɗaya don in rage kashe kuɗi, abin da daga baya na yi nadama. Idan ka gama cikewa zai fitar maka da taƙaitacciyar takarda da za ka buga ka sa hannu, kuma daga ranar kana da kwana 30 ka miƙa sauran takardu. Na haɗa fasfo, wanda dole ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar barin ƙasar, da hotuna biyu, da shaidar izinin zamana a Birtaniya, da bayanin asusun banki na wata shida, da wasiƙar makaranta, da shaidar masauki, da wasiƙar da na rubuta da kaina ina bayanin dalilin zuwana, ranar shiga, ranar fita, da alƙawarin zan fita. A wasiƙar ban ɓoye komai ba: na ce zan ziyarci wuraren tarihi, zan kuma zanta da mutanen gari saboda karatuna. Duk wanda aka taɓa hana wa biza, ta kowace ƙasa ce, dole ya faɗa, don idan suka gano da kansu abin ya fi muni.

Abu biyu suka ci mini kwanaki a nan. Wasiƙar farko da ofishin ɗalibai ya ba ni ta ce kawai ni ɗalibi ne, ba ta faɗi lokacin da karatuna zai ƙare ba, alhali abin da jami'in biza ke son gani shi ne abin da zai dawo da ni. Sai da na koma na yi bayani, na jira kwana biyar kafin a ba ni wata. Na biyun kuwa, a watan Maris yayana ya turo mini kuɗi masu ɗan yawa a dunƙule, kuma irin wannan shigar kuɗi ta bazata sai an yi bayanin daga ina ta fito. Na kira shi na ce, "Yaya, don Allah ka rubuto 'yar takarda ka sa hannu, ka ce kai ka turo kuma gudummawar karatu ce." Ya turo da kwafin shaidar turawar. Ranar miƙa takardu ban daɗe ba, kamar awa ɗaya da rabi har da jira, amma na fito babu fasfo a hannuna, kuma wannan ne ya fi damuna, domin idan wani abu ya taso a gida ba ni da halin tafiya. Mako biyar na yi ina duba waya. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema aƙalla mako takwas kafin tafiya, kada kuma a sayi tikitin jirgi sai an ji sakamako. Na bi shawarar, sai dai kafin fasfo ya dawo tikiti ya yi tsada, ɗakunan haya na Ardmore kuma duk an kama saboda biki.

Zaman jiran nan bai tafi a banza ba. Da farko na je wajen limaminmu, domin zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, wurin da zan je wurin ibadar Kiristoci ne, suna neman waraka a ruwan." Ya ce mini kallo don neman ilimi daban, neman tabarruki daban, in je in gani in rubuta, kada in shiga cikin ibadarsu, kada kuma in wulaƙanta abin da suke girmamawa. Da wannan na tafi, kuma ya ishe ni har na dawo. Sannan na nemi izinin kwamitin jami'a mai kula da ɗa'ar bincike, don ba a yarda ɗalibi ya ɗauki muryar kowa ba sai da takardar amincewa da mutumin zai sa wa hannu. Wannan ya ci mako uku, har sau biyu ana dawo mini da takardar in sauƙaƙa harshenta.

Sai kuma karatu, kuma a nan na ci karo da abin da ya fi burge ni a dukan aikin. Hukumar kula da kayan tarihi ta Ayalan tana da taswira a intanet, kyauta, inda kowane wurin tarihi da aka yi wa rajista yake da jan ɗigo da lamba, na gundumar Waterford suna farawa da WA. Ka danna ɗigo ya gaya maka ko rijiya ce, ko coci, ko kabari. Bayan ita akwai shafin Dúchas, inda aka ɗora abin da 'yan makarantar firamare suka rubuta tsakanin 1937 da 1939. Hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ce ta sa yara sama da 50,000 daga makarantu 5,000 su je su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta labaran garinsu, su rubuta a littafin makaranta, aka tara shafuka kimanin 740,000. Rubutun hannun yaran yana nan, wasu da Turanci wasu da harshen Ailishanci, suna faɗin wace rijiya ke maganin ciwon ido, wace rana ake zuwa, sau nawa ake kewayawa. A matsayina na wanda ya yi shekaru yana riƙe alli, na daɗe ina kallon shafukan nan ina tuna tsofaffin unguwarmu da suka tafi da abin da suka sani. Duk mai shirin zuwa wani ƙauye a ƙasar, ya fara da waɗannan wurare biyu kafin ya ɗaure kaya.

Ranar 22 ga Yuli na tashi zuwa Cork, babban birni a kudancin Ayalan. A filin jirgin Ingila, ko da ka yi rajistar shiga jirgi ta waya, mai fasfo irin namu ya fara zuwa teburin kamfani a duba masa biza kafin ya nufi ƙofa. Na ga wani da bai yi haka ba aka mayar da shi baya yana gudu. A Cork jami'ar shige da fice ta tambaye ni ina zan sauka, kwana nawa, me ya kawo ni. Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai, jami'in da ke wurin shi ke yanke ko ka shiga da kuma ranar da za ka fita, saboda haka kwafin duk takardun da na miƙa suna cikin jakar hannuna, har da inshorar lafiya. Da na ambaci Ardmore sai ta yi murmushi ta buga hatimi. Daga nan na hau bas zuwa cikin gari, tashar Parnell Place. Masaukina yana wani gari da ake rubuta sunansa Youghal, na yi ta karanta shi yadda aka rubuta, mai sayar da tikiti bai gane ba, sai da na nuna masa a waya ya ce, "Yol." Haka ake faɗinsa, kamar Yola ba tare da wasalin ƙarshe ba. Kuɗin motar bai kai yuro 20 ba, ɗakin kuwa ya haura yuro 100 kowane dare, da karin kumallo. Tun da yamma na gaya wa matar gidan ba na cin naman alade, domin karin kumallonsu na gargajiya kusan duk shi ne, har da wani tsiran jini. Ta yi mini ƙwai da kifi. A wajen masu soya kifi ma a riƙa tambaya, wasu suna kwaɓa ƙullin da giya. Rana ba ta faɗuwa a lokacin sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, don haka magariba da isha'i suna kai mutum tsakar dare.

Daga Youghal zuwa Ardmore kamar kilomita 15 ne, ana tsallaka gadar kogin Blackwater daga gundumar Cork zuwa ta Waterford. Bas mai lamba 260 yana zuwa, amma ba kowanne ke ƙarasawa ƙauyen ba, kuma tsakanin wannan da wancan akwai tazara mai yawa. Safiyar 23 na tsaya kusan awa biyu a tasha saboda jadawalin ranar da na duba ba na ranar ba ne. Da na sauka na nemi ofishin da zan yanki tikiti in sami mai zagayawa da ni, kamar yadda a Kusugu za ka tarar da ɗaki da mai kula yana ba ka labarin Bayajidda da macijiya kafin a zura maka guga. A nan babu ƙofa, babu tikiti, babu mai gadi, komai kyauta ne kuma a buɗe. Ka hau tudu kawai ka nufi hasumiya, wadda ake hangowa daga ko'ina. Sunan garin ma daga tudun ya fito, Aird Mhór, wato babban tudu.

Hasumiyar ta dutse ce, zagayayya, ta ƙarni na 12, tsayinta ya kusa mita 30, wato kusan ninkin hasumiyar Gobarau ta Katsina. Tana tsukewa yayin da take hawa, da ɗamara uku na dutse a jikinta, kanta kuma mai tsini. Ƙofarta tana sama da ƙasa da kimanin mita huɗu, sai da tsani, kuma ba a shiga. Sunan irin waɗannan gine-gine a harshensu yana nufin gidan ƙararrawa ne. A 1642, lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar, mutane sun fake a cikinta da kuma gidan sarautar da ke kusa, suka miƙa wuya, aka rataye da yawa daga cikinsu. Duk kewayen maƙabarta ce da har yanzu ake binne mutane, don haka ina takawa a hankali. Ƙasa kaɗan akwai wani ɗan ɗaki na dutse da ake cewa nan aka binne Declan, an sake masa rufi a 1716. Na leƙa na ga rami a daɓen, inda masu ziyara suka yi ta ɗibar ƙasar kabarin shekara da shekaru suna kai wa gida don kariya. Mutanen garin suna alfahari cewa Declan ya riga Waliyyi Patrick kawo Kiristanci wannan yanki na ƙabilar Déisi, har suna ambaton shekarar 416, alhali zuwan Patrick ana sa shi a 432. Sai dai tarihin rayuwar Declan da ake da shi a rubuce na ƙarni na 12 ne, wato ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa, kuma mai bincike ya riƙe wannan a ransa. Patrick ɗin nan kuwa shi ne Katolikan Najeriya suka ɗauka a matsayin waliyyin ƙasa, saboda yawan limaman mishan 'yan Ayalan da suka yi aiki a wajenmu.

Babban cocin ba shi da rufi. A bangonsa na yamma, ta waje, akwai sassaƙe-sassaƙe a cikin bakuna: Adamu da Hauwa'u a gindin bishiya, hukuncin Annabi Sulaimanu tsakanin mata biyu masu jayayya a kan jariri, da mala'ika yana auna rayuka a ma'auni. Iska da ruwan gishiri sun cinye fuskokin, sai ka tsaya ka ƙura ido kafin siffar ta fito maka. A ciki kuma akwai duwatsu biyu masu rubutun ogham, tsohon rubutun ƙasar da ake yi da zane-zanen layuka a gefen dutse, haruffa 20 a asali. Ɗaya dogon rubutu ne na sunan mutum da zuriyar da ya fito daga cikinta. Ɗayan haruffa biyar ne kacal, kuma idan aka karanta su suna ba da AMADU. Na san da shi tun a karatu, amma da na tsuguna na bi layukan da ido ina ƙirgawa, sai da tsigar jikina ta tashi, don sunan kawuna ke nan. Ina roƙon duk Bahaushen da zai je ya ga dutsen nan kada ya dawo mana da labarin wai kakanninmu sun je Ayalan. Masana sun ce daga kalmar Latin ce, Amatus, wato abin ƙauna, kuma irin waɗannan duwatsu galibi na ƙarni na 5 da na 6 ne. Dacewar sauti ce kawai, kuma ko a haka ta isa abin mamaki.

Daga nan na gangara bakin teku neman Dutsen Declan, wanda labari ya ce ya taso a kan ruwa daga Wales ɗauke da ƙararrawar waliyyin, inda ya tsaya nan Declan ya kafa wurinsa. Masana ƙasa kuwa sun ce ƙanƙarar zamanin da ce ta turo shi daga wani wuri, shi ya sa bai yi kama da duwatsun da ke kewaye da shi ba. Na isa na tarar ruwa ya kewaye shi. Mu da muka tashi nesa da teku ba mu saba lissafin wannan ba: teku yana cika ya janye sau biyu a yini da dare, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Akwai jadawalinsa a intanet, na Youghal ya wadatar. Wani dattijo mai yawo da kare ya ce in dawo gobe idan ruwa ya janye, sannan ya tambaye ni ko zan tsaya taron dare. Ashe a daren jajibiri, da tsakar dare, mutane kan taru a bakin rijiya da kyandirori. Bas na ƙarshe ya kusa tashi, ban yi shiri da mai tasi ba, a irin wannan ƙauye kuwa ba a tare tasi a titi, sai an kira tun da rana. Na koma Youghal zuciyata babu daɗi. Wata biyu ina tara takardu, ga shi abin da ya fi muhimmanci ga bincikena ya wuce ni saboda rashin wurin kwana.

Ranar 24 na yi sammako. Rijiyar tana gabashin ƙauyen, bayan wani babban otal da ke manne da gaɓa, a daidai inda hanyar ƙafa ta bakin dutse take farawa. A nan ma na yi kuskuren fahimta, domin ina neman rami mai zurfi da baki da guga. Abin da suke kira tobar, wato rijiya a harshensu, idon ruwa ne, marmaro, an gina masa ɗan ɗaki na dutse mai ƙananan ƙofofi biyu, sai ka durƙusa ka kai hannu. A samansa akwai tsofaffin gicciye na dutse guda biyu, an ce da uku ne. Gefensa kangon wani coci ne, a wurin da ake cewa Declan ya keɓe kansa don ibada a ƙarshen rayuwarsa. Mutane suna zuwa ɗaiɗai da ƙungiya-ƙungiya, yawanci manya, suna kewaya kangon ta hannun dama, yadda rana ke tafiya, carbi a hannu, suna addu'a ƙasa-ƙasa. A wasu wurare sukan tsaya su ɗauki tsakuwa su ja alamar gicciye a jikin dutse, kuma yawan jan nan na tsawon zamani ya sa alamar ta nutse har yatsa yana shiga. Wasu suna wanke fuska, wasu suna cika gora. Bikin suna ce masa pattern, daga kalmar da ke nufin waliyyin da ke riƙe da gari. Al'adar ta sha tsanani: dokar da aka yi a farkon ƙarni na 18 don danne Katolika ta haramta taruwa a rijiyoyi, da tarar sule goma ko bulala a bainar jama'a, sannan a ƙarni na 19 limaman Katolika da kansu suka yaƙi irin waɗannan bukukuwa saboda shaye-shaye da faɗace-faɗacen da ke biyo baya. Duk da haka ga su nan suna kewayawa.

Na zo da takardun amincewa goma sha biyu a hannu da na'urar ɗaukar murya, kuma mutum biyu na farko da na tunkara da takarda sun ba ni haƙuri suka wuce. Suna da gaskiya, mutum ya zo ibada ka tare shi da biro. Sai na mayar da komai jaka, na zauna a kan katanga nesa kaɗan, ban ɗauki hoton kowa yana addu'a ba. Bayan wani lokaci wata dattijuwa da ta gama kewayenta ta zo ta zauna kusa da ni tana hutawa, ta tambaye ni daga ina. Da na ce Najeriya sai ta ce ƙanen mahaifinta limamin mishan ne da ya yi shekaru a can. Hira ta ɓarke. Ta miƙo mini kofin ruwan rijiyar. Na ce, "Mama, na gode ƙwarai, ni Musulmi ne, na zo in gani in koya ne, ba zan sha ba." Ba ta ji haushi ko kaɗan ba, ta shanye abinta, ta ce in ba ta labarin rijiyarmu. Na ba ta na Kusugu, da yadda macijiya ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ita ce ta haɗa ni da mutum huɗu da suka yarda a ɗauki muryarsu da yamma, a kan shayi, bayan an gama. Ita kanta ta ƙi, ta ce abin da ta roƙa a wurin tsakaninta da Ubangijinta ne, don haka abin da ta gaya mini game da shi ba zai shiga rubutuna ba. Da ruwa ya janye na koma wajen dutsen, na ga yana zaune a kan wasu duwatsu biyu da ɗan rami a ƙarƙashi, wani magidanci ya kwanta rub da ciki ya ja jiki ya fita ta ɗaya gefen, don ana cewa yana maganin ciwon baya da sanyin ƙashi.

Washegari na nufi wani jan ɗigo da na gani a taswira a karkarar yankin, na tarar yana tsakiyar gonar kiwo, da ƙofar ƙarfe a rufe. Kasancewar wuri a taswirar gwamnati ba ya ba ka ikon shiga, kuma a Ayalan babu dokar da ta ba kowa damar ratsa gonar wani. Na nemi gidan da ya fi kusa na ƙwanƙwasa. Manomin ya ce gara da na tambaya, akwai bijimi a filin. Ya sa takalmin roba ya raka ni ta wata hanya, muka tarar da idon ruwan ƙaya ta rufe shi, ya ce tun rasuwar mahaifiyarsa babu wanda ya sake zuwa. Kada a ɗauki ko tsakuwa daga irin waɗannan wurare, kuma neman kayan tarihi da na'urar gano ƙarfe ba tare da izini ba laifi ne a dokar ƙasar. Da la'asar na bi hanyar bakin dutse, kimanin kilomita huɗu, na wuce gawar jirgin ɗaga kaya Samson da ya maƙale a 1987, da hasumiyar tsaro ta zamanin yaƙin Napoleon, da wata rijiyar da ake kira ta Fada O'Donnell, na ɓullo ta bayan maƙabarta. Ruwan sama ya same ni a hanya sau biyu duk da ana cikin bazararsu, rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa dole ne.

Idan zan ba wani shawara, kuɗi ba su ne suka wahalar da ni ba, tunda wuraren kansu ba a biyan komai. Lissafin lokaci ne ya kayar da ni a kowane mataki. A fara neman biza wata uku kafin tafiya, wanda shi ne mafi wuri da ake karɓa, a kama ɗaki a cikin ƙauyen kansa tun kafin nan, irin wanda za a iya sokewa ba tare da asara ba. A duba jadawalin bas na ainihin ranar, a duba na teku, a kuma tambayi mutanen gari me ake yi da dare, domin baƙo ko da ido makaho ne, kuma taron nan ban gan shi a taswira ba. Da za ka koma Ingila daga Ayalan ba lallai ka tarar da jami'in duba fasfo ba, ni na yi ta dube-dube ina neman layi har na fito waje, amma takardun izinin zamanka su kasance a jikinka. Bizata ta shiga ɗaya ta ƙare da wannan tafiya, saboda haka sai na sake bin layin daga farko. Na riga na kama ɗaki a Ardmore na daren 23 ga Yuli mai zuwa, tafiyar minti goma daga rijiyar, dattijuwar nan kuma ta ce in zo da kyandir ko da ba zan kunna ba, wani zai buƙata.